Ɗaci da Ƙamshi a Kofi Ɗaya: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Giyar Hof

A ƙarshen shekarar 1980, a wani gari da ake kira Chico a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, wasu samari biyu, Ken Grossman da Paul Camusi, suka fara dafa giya a cikin tsofaffin tankunan ƙarfe da suka sayo na hannu daga gidajen sarrafa madara. Sunan kamfanin nasu Sierra Nevada. Giyar da suka fitar ruwan zuma ce a ido, tana ƙamshin ɓawon lemo, ga ɗaci mai kama harshe. A wancan zamani Amurkawa sun saba da giya lami, mai sanyi ƙarara, wadda ake kwankwaɗa ba tare da an tsaya jin ɗanɗanonta ba, don haka da yawa daga waɗanda suka fara kurɓar sabuwar sai suka yamutsa fuska. Yau kuwa ita ake nunawa idan ana neman asalin wani salo da ya bazu daga Landan zuwa Tokyo har Legas, wato pale ale ta ƙananan masana'antu, wadda ake cika wa furen wani tsiro da Turawan Ingila ke kira hops. Mu a nan za mu riƙa ce masa hof.

Ga Musulmi hukuncin giya a fili yake, haram ce, kuma wannan rubutu ba zai ƙara ko ya rage komai a kai ba. A jihohin Arewa da suka bi sahun Zamfara wajen ƙaddamar da shari'a daga 1999, doka ma ta hana cinikinta, kowa kuma ya sha ganin hotunan Hisbar Kano tana farfasa kwalabe. To, me ya kawo maganar? Tsiron nan ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Ku ɗauki gwangwanin maltin da ake rabawa a wurin biki ko suna, ku juya bayansa ku karanta kayan haɗi. A yawancinsu za ku tarar da sunan hof a jere da sukari da tsiron hatsi. Ɗan ɗacin nan da ke biyo bayan zaƙin malti, wanda ke hana shi ginsar mutum, daga can ya fito. Wanda ya san abin da masu ɗanɗana pale ale ke nema a cikin kofi, ya san wani abu game da noma, da ruwa, da wuta, da kuma yadda harshen ɗan Adam ke aiki.

Hof tsiro ne mai yaɗo, yana nannaɗe igiya yana hawa. A gonakinsa ana kafa dogayen turaku, a ja waya a samansu, a sako igiyoyi ƙasa, shi kuma ya bi su har ya kai mita shida ko fiye cikin 'yan watanni. Saiwarsa ba ta mutuwa. Idan hunturu ya shigo sai saman ya bushe, da ɗumi ya dawo ya sake tohowa, haka shekara da shekaru. Akwai mace akwai namiji, manomi kuwa macen yake so, har yakan tumɓuke namijin don kada fure ya yi ƙwaya. Masana tsirrai sun sa shi a dangi ɗaya da tabar wiwi, amma ba shi da sinadarin da ke bugarwa a cikin wiwi. Abin da ke bugarwa a giya barasa ce, wadda yis ke samarwa idan ya cinye sukari. Hof ba ruwansa da wannan aiki.

Furen kore ne, bai wuce kan babban yatsa ba, 'yan ganyayyaki ne sirara a jere bisa juna, ba nauyi ko kaɗan. Idan aka tsaga shi biyu, a gindin kowane ɗan ganye za a ga wani gari rawaya mai danƙo. Lokacin girbi, mai sayen hof yakan ɗebi fure biyu ko uku, ya murza su da ƙarfi a tafin hannu har su yi ɗumi, ya haɗa tafukan ya cusa hanci a ciki ya shaƙa. Tafin yakan rine ya yi rawaya, ya yi danƙon da wanki ɗaya ba ya fitarwa. Daga wannan shaƙa ɗaya yake yanke shawarar ko zai sayi amfanin gona guda ko ya wuce gaba. Garin nan, wanda ake kira lufulin, shi ne duk dukiyar, kuma abu biyu ne a cikinsa: wani ƙaro mai ba da ɗaci, da wani mai da ke ɗauke da ƙamshi.

Matsalar mai dafa giya ita ce abubuwan nan biyu ba halinsu ɗaya ba a gaban wuta. Ƙaron ba ya narkewa a ruwa sai an tafasa shi kusan awa guda, zafi ya sauya masa siffa, sannan ya saki ɗacinsa. Man kuwa da zafi ya taɓa shi sai ya bi tururi ya gudu. Duk wanda ya taɓa zama wurin masu dafa shayin Buzaye ya san wannan: ganyen da ya daɗe a kan gawayi ɗaci yake bayarwa, na'a-na'a kuwa sai an kusa saukewa ake jefa ta, in ba haka ba ƙamshinta ya tafi a iska. Saboda haka ba a zuba hof sau ɗaya. Ana zuba kashi na farko da fara tafasa, don ɗaci kawai. Ana zuba na biyu saura minti goma ko biyar a kashe wuta. Wasu su ƙara na uku bayan an kashe wutar, ruwan na huci. Sai kuma dabarar da ta fi yi wa wannan salo suna: bayan giyar ta huce, yis ya gama aikinsa ko ya kusa, sai a buɗe tanki a zuba hof a cikin sanyi, a bar shi kwana biyu zuwa biyar. Wannan na ƙarshe ba ya ƙara ɗaci sosai, amma shi ne ke sa a ji ƙamshi tun kafin kofi ya iso baki. Idan kuka ji an ce giya ta ji hof, ba lallai ana nufin ta fi ɗaci ba. Sau da yawa ana nufin an jinkirta zuba shi ne, kuma an zuba da yawa.

Sauran aikin ba shi da wuyar fahimta. Ana jiƙa sha'ir har ya tsira, a busar da shi a kan zafi, a ɓarza, a jiƙa a ruwa mai zafin digiri 65 ko kusa da haka har sitacin ya koma sukari, a tace, a tafasa da hof, a huce, a zuba yis. Bambancin wannan giya da irin su Star da Gulder yana wajen yis ɗin. Nasu yana son sanyi kuma yana ɗaukar makonni. Na pale ale yana aiki a digiri 18 zuwa 22, cikin mako biyu an gama. Mai ƙaramin jari da ba shi da manyan ɗakunan sanyi, kuma yana buƙatar tankinsa ya juya da wuri, ba sai an faɗa masa wanda zai zaɓa ba.

Amma me ya sa tun farko mutum zai jefa abu mai ɗaci a cikin abin shansa? Ba don daɗi aka fara ba, don adana ne. Ku dubi burkutu da fito, waɗanda ake yi da tsiron dawa a kudancin Kaduna da Filato da ƙauyukan Maguzawa. Tsaminsu daga wasu ƙwayoyin halitta yake zuwa, dangin waɗanda ke tsamar da nono da kamu. Ƙwayoyin ba sa tsayawa, shi ya sa burkutu ba ya kwana da yawa, inda aka dafa shi nan ake shanye shi. Ƙaron hof kuwa yana hana waɗannan ƙwayoyi yaɗuwa. Giyar da aka sa mata shi tana iya yin watanni a ganga, abin da ya daɗe kuwa ana iya yin fatauci da shi. A shekara ta 822 wani shugaban gidan ibada a Corbie ta ƙasar Faransa, mai suna Adalhard, ya ambaci hof a cikin dokokin da ya rubuta game da dafa giya. A ƙarni na 12 wata malamar coci Bajamushiya, Hildegard ta Bingen, ta rubuta cewa ɗacinsa na hana abin sha lalacewa. Daga baya biranen Bremen da Hamburg suka yi arziki da fitar da irin wannan giya ta jirgin ruwa, a 1516 kuma masarautar Bavariya ta kafa doka cewa ba a sa komai a giya sai ruwa da sha'ir da hof. Sannu a hankali bakin mutane ya saba, abin da aka fara don larura ya koma abin marmari.

Hasken launin da ya ba pale ale sunanta kuwa labarin makamashi ne. A da, da itace ko kara ake busar da tsiron sha'ir, sai ya yi duhu ya ɗauki ƙauri. Da Turawan Ingila suka koyi gasa kwal har hayaƙinsa ya fita, suka samu wuta mai tsabta wadda ake iya sarrafa zafinta, sai tsiro ya riƙa fitowa da haske. Daga farkon shekarun 1700 aka fara jin sunan pale ale. Garin da ya ƙware a kanta shi ne Burton, a bakin kogin Trent, ba don mutanensa sun fi kowa basira ba, sai don ruwan rijiyoyinsu na ratsa wani gishirin dutse da ake kira jifsam, wanda ake sa wa siminti. Wannan gishiri yana sa ɗacin hof ya fito tas, ya yanke da wuri, bai tsaya yana damun baki ba. Har yau masu dafa irin wannan giya a ko'ina sukan auna jifsam su zuba a ruwansu don ya yi kama da na Burton. Kamfanin Bass na garin, wanda aka kafa a 1777, shi ne ya yi rajistar alamar kasuwanci ta farko a Birtaniya a 1876, wata jar dala mai kusurwa uku.

Haruffan IPA da ake gani a gwangwanaye suna nufin pale ale ta Indiya. A ƙarshen shekarun 1700 wani mai masana'anta a gabashin Landan, George Hodgson, yana sayar wa matuƙan jiragen Kamfanin Gabashin Indiya giya mai hof da yawa, su kai wa Turawan mulki a Kalkata da Bombay da Madras. Tafiyar wata huɗu zuwa shida ce, a zagaye ƙasan Afirka, a ratsa zafi sau biyu. A shekarun 1820 mutanen Burton, irin su Samuel Allsopp, suka shiga cinikin suka ƙwace shi. Ana yawan cewa an ƙirƙiro giyar ne musamman don ta jure wannan tafiya. Labarin ya yi daɗin faɗa, amma masu binciken tarihi sun nuna cewa baƙar giya ma an yi ta kaiwa Indiya tana isa lafiya. Abin da ya tabbata shi ne mai hof ɗin ta samu karɓuwa a can, sunan kuma ya bi ta.

Yadda abin ya koma hannun Amurkawa ya fi ban sha'awa. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta giya a Amurka baki ɗaya. Bayan an ɗage dokar, manyan kamfanoni suka yi ta haɗiye ƙanana, har ya zama a ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a duk faɗin ƙasar ba su kai ɗari ba, kuma kusan abu ɗaya suke yi. Sai abubuwa suka haɗu. A 1972 masu binciken noma na gwamnati a Jami'ar Jihar Oregon suka fitar da sabon irin hof mai suna Cascade. Manyan kamfanoni ba su yi ɗokinsa sosai ba, domin ƙamshinsa na garehul da furanni ya yi musu ƙarfi, su kuwa irin na Jamus mai sanyin hali suka saba da shi. A 1975 kamfanin Anchor na San Faransisko, wanda Fritz Maytag ya ceto daga durƙushewa shekara goma kafin nan, ya yi wata giya da shi mai suna Liberty Ale. A 1976 wani tsohon sojan ruwa, Jack McAuliffe, ya buɗe 'yar masana'antarsa New Albion a Sonoma da kayan da ya ƙera da hannunsa. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum dafa giya a gidansa. Masu koyo a ɗakin girki da gareji su ne suka zama masu masana'antu daga baya. A 'yan shekarun nan adadin masana'antun giya a ƙasar ya haura dubu tara.

Da kasuwa ta buɗe sai manoma suka bi ta. Kwarin Yakima a jihar Washinton, wuri ne busasshe da ake noman rani, yana ba da kusan kashi uku cikin huɗu na hof ɗin Amurka, kuma yana gogayya da yankin Hallertau na Jamus wajen ciyar da duniya. Aka yi ta fito da sababbin iri ana musu suna kamar na turare: Citra mai ƙamshin mangwaro da lemun tsami, Mosaic da ya fito a 2012, Nelson Sauvin daga Niyu Zilan, Galaxy daga Ostireliya. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne ba a sa ko ɗigon ruwan 'ya'yan itace a ciki ba. Sinadaran da ke cikin man hof, wasunsu su ne dai ke cikin ɓawon lemo da furanni da ƙaron itatuwa, hanci kuwa ba ya tambayar daga ina suka fito.

To, yaya ake ɗanɗanawar? A irin waɗannan ƙananan masana'antu akwai ɗakin sha a jikin wurin dafawa, tankuna na ƙyalli a bayan gilashi. Ana kawo wa mai gwaji ƙananan kofuna huɗu ko biyar a jere a kan katako, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi, don kada ɗacin na farko ya kashe bakin kafin a kai ga sauran. Wanda ya san aikin ba ya garaje. Yakan ɗaga kofi wajen haske ya dubi launi, ko garau ne ko da hazo, ya dubi kumfa, ko tana tsayawa ko tana mutuwa nan take. Sai ya ɗan juya kofin, ya shinshina gajere-gajere sau biyu ko uku, domin doguwar shaƙa tana gajiyar da hanci. Sannan ya kurɓi kaɗan, ya bar shi ya zagaya baki, ya haɗiye, ya rufe baki ya fitar da numfashi ta hanci. A nan ne yawancin abin da muke kira ɗanɗano yake bayyana, domin ƙamshi na hawa ta bayan maƙogwaro ya isa hanci daga ciki. Shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin abinci. Masu gwada ruwan inabi sukan tofar, alƙalan giya kuwa haɗiyewa suke yi, saboda rabin hukuncin yana kan abin da ya saura a baki bayan kurɓi ya wuce.

Abin da ake nema shi ne jeri. Da farko ƙamshi, sai ɗan zaƙi da garɗin tsiro, mai kama da ɓawon burodi ko gasasshen hatsi, sai ɗaci ya zo ya share zaƙin, ya bar baki a bushe. Idan ɗacin ya tsaya yana kartar maƙogwaro, ko ya zo da bauri mai ɗaure dasashi, aikin bai yi kyau ba. Sanyi ma yana da iyaka. Ana son ta tsakanin digiri 7 zuwa 12, domin sanyi mai yawa yana danne ƙamshi, kuma shi ya sa kamfanonin giya lami ke son a sha tasu kamar ƙanƙara. Wata tsohuwar magana da ake koyarwa a makaranta, wai ƙarshen harshe ne ke jin zaƙi, bayansa ke jin ɗaci, ba gaskiya ba ce. Ko'ina a harshe yana jin kowane ɗanɗano. Abin da ke gaskiya shi ne ɗan Adam yana da na'urorin jin ɗaci iri kusan 25, alhali na zaƙi iri ɗaya ne, domin guba da yawa a daji masu ɗaci ne, jiki kuma a shirye yake ya ƙi su. Mutane sun bambanta a gado wajen ƙarfin wannan ji. Wanda ya ce abin ya fi ƙarfinsa ba ƙauyanci ne ke damunsa ba, kamar yadda wasu masu sha'awar abin ke nunawa da ɗagawa. Mai yiwuwa harshensa ne ya fi nasu kaifi.

Lambobi biyu ake rubutawa a gwangwani. IBU ma'aunin ɗaci ne, kowane ɗaya yana daidai da kimanin miligiram ɗaya na narkakken ƙaron hof a lita guda. Giyar manyan kamfanoni takan tsaya tsakanin 8 da 20, pale ale ta Amurka 30 zuwa 50, IPA 40 zuwa 70. Ta Sierra Nevada da ta firgita mutane a farkon fitowarta tana da 38 ne kacal, wanda yanzu ake gani kamar wasa. An yi wani zamani, musamman a shekarun 2000, da masana'antu ke tseren wanda zai fi wani lamba, har ana tallar ɗari da wani abu, alhali harshe ba ya bambance komai idan an kai wajen ɗari. Lambar ma ba ta faɗin komai ita kaɗai, domin zaƙin tsiro yana rufe ɗaci. Giya biyu masu lamba ɗaya, ɗaya ta yi laushi ɗaya ta yi kaifi. Daga baya kiɗa ya sauya. Wata 'yar masana'anta a jihar Vermont mai suna The Alchemist ta yi suna da giya mai hazo wadda ba a tace ba, mai ƙamshi da yawa, sauran kuma suka bi rawar suna rage ɗaci.

Lamba ta biyu, ABV, ita ce yawan barasa, kuma ita ce ta fi cancantar a lura da ita. Pale ale takan kama daga kashi 4.5 zuwa 6 da ɗoriya cikin ɗari, IPA ta kai 7, wasu su haura 8 har 10. Ƙamshin mangwaro yana ɓoye wannan ƙarfi. Gwangwani mai mililita 473 a kashi 7 yana ɗauke da barasar ƙananan kwalabe biyu masu mililita 330 a kashi 5. Kyawun kwali da sunan ƙaramar sana'a ba sa sauya abin da hanta za ta yi fama da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa, cibiyarta mai binciken kansa kuma ta daɗe da sa barasa a rukuni ɗaya da taba. Akwai kuma tarko ga mai gudun barasa gaba ɗaya. A Amurka da ƙasashe da yawa, abin da aka rubuta wa "marar barasa" yana iya ɗauke da har kusan kashi 0.5. Wanda aka rubuta wa 0.0 daban ne, shi ma malamai sun saɓa a kansa, wasu saboda yadda ake yin sa, a dafa giya sannan a cire barasar, wasu saboda kama da suna. Akwai kuma abin da ake kira ruwan hof, wato ruwa mai gas da aka jiƙa furen a ciki, ba tsiro ba yis, wanda bai taɓa zama giya ba ko na minti ɗaya.

Ƙwararren mai gwaji ya fi ɓata lokaci wajen neman aibi fiye da yabo. Warin man shanu yana nuna an raba giyar da yis kafin ya gama share bayansa. Ƙamshin ɗanyen tuffa, ba ta nuna ba. Dafaffiyar masara, tafasar ba ta yi ƙarfi ba. Jiƙaƙƙen kwali, iska ta shiga kuma ta tsufa. Mafi muni shi ne wanda rana ke jawowa: haske yana farfasa ƙaron hof ya haifar da wani sinadari mai wari, wanda Amurkawa ke kwatantawa da na wata dabbarsu mai kama da bodari. Kofi a rana, cikin 'yan mintoci an gama. Dalilin da ya sa kwalbar giya ke zuwa ruwan ƙasa ke nan. Koriya da fara ba sa karewa sosai, gwangwani kuwa ya fi duka.

Wannan raunin na hof shi ne, a ganina, hujja ɗaya tak mai ƙarfi da ƙaramar masana'anta ke da ita. Man da ke ba da ƙamshin yana mutuwa da lokaci da zafi da iska. Masu sana'ar sukan ce a sha cikin wata uku daga ranar da aka ɗura, kuma a ajiye a sanyi, shi ya sa masu saye ke juya gindin gwangwani suna neman kwanan wata. Giyar da aka ɗebo daga tankin da ke bayan bango za ta fi wadda ta yi wata biyu a kwantena a tashar jirgin ruwa, ko wace ce ta dafa. Abin dariya, tsiron da aka fara amfani da shi don giya ta jure doguwar tafiya shi ne yanzu ya sa ba ta son tafiya. Sauran maganganun, na cewa ƙarami ya fi gaskiya ko ya fi tsabta, talla ce. Ƙananan wurare da yawa ba su da ɗakin gwaji, yau ta yi kyau gobe ta ɓaci. Kalmar "ƙarami" ma an ja ta har ta yi tsawo. Ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka, Brewers Association, tana ɗaukar duk wanda bai wuce ganga miliyan 6 a shekara ba a matsayin ƙarami, wato kusan lita miliyan 700, muddin babban kamfani bai mallaki kashi 25 cikin ɗari nasa ba. Manyan ma ba su zauna ba. Anheuser-Busch ya saye Goose Island a 2011, Heineken ya kammala sayen Lagunitas a 2017, Sapporo na Japan ya saye Anchor a shekarar, ya rufe shi a 2023.

Mu a nan hof ba ya yi mana. Yana son sanyin hunturu da zai sa saiwarsa barci, yana kuma son dogon yini lokacin girma, awa 15 ko 16 kamar yadda ake samu a Bavariya a watan Yuni. A Kano yini bai cika kai awa 13 ba ko a tsakiyar damina, don haka tsiron zai yi fure tun bai yi tsawo ba. A duk Afirka, wurin da aka san ana nomansa sosai shi ne kewayen garin George a Afirka ta Kudu, can ƙarshen nahiyar. Habashawa kuwa suna da nasu, wani itace da suke kira gesho, wanda suke sa wa giyarsu ta hatsi da ta zuma tun kaka da kakanni.

Sha'ir ma ba mu noma shi da yawa, kuma a nan ne labarin ya taɓa manomin Arewa kai tsaye. A farkon 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir don tsimin kuɗin waje. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki: Nigerian Breweries da Guinness, wanda ya kafa masana'antarsa a Ikeja tun 1962, dole suka koma ga dawa da masara. Wani irin gajeriyar kaura da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta inganta, SK5912, ya zama abin nema saboda yana tsira da kyau. An sassauta dokar daga baya, amma dawar ba ta fita ba, har aka gina masana'antar sarrafa tsironta a Aba, kuma buhunan da ke barin kasuwannin hatsi na Arewa wasunsu can suke nufa, a yi malti da wasu a yi giya da wasu. Salon ƙananan masana'antu ma ya iso, kamfanin Bature ya fara a Abuja a 2017 kafin ya koma Legas. Masu bincike a jami'o'in Najeriya sun gwada maye gurbin hof da shuwaka da namijin goro da ganyen utazi na ƙasar Ibo. Ɗaci ya samu, domin ba a raina shuwaka a wannan fanni, amma ƙamshin da kumfar da ƙarfin adanawar ba su kai yadda kamfanoni za su sauya ba. Har yanzu daga waje ake shigo da hof, a matse shi kamar ƙwayar abincin kaji a cikin leda marar iska, a biya da dala ko yuro.